Wofi, banza da fanko: tarihin wata iyaka tsakanin suna da sifa

Hausa ta wadata da kalmomin cika. Daga saiwa guda ake samun aikatau “cika”, da sifa mai jinsi da adadi, “cikakke, cikakkiya, cikakku”, da bayanau na yanayi “a cike”, da suna irin “ciko”. Kishiyar cika kuwa ba ta da irin wannan zuriya. Tulun da babu ruwa a cikinsa, Bahaushe ya fi cewa “ba kome a ciki”, wato ya kore samuwar abu maimakon ya siffanta tulun. In kuma ya nemi kalma guda, sai ya ɗauko ta daga wani taro da bai haɗa asali ba: wofi, banza, fanko, kango, kufai, holoƙo, wayam, fayau. Wasu daga cikinsu sunaye ne tsantsa, wasu amsa-kama ne, wasu kuma suna zama suna a wata jimla su zama sifa a wata, ba tare da ƙirarsu ta sauya ba. Masana sun ɗauki fiye da shekara ɗari kafin su daidaita kan ma'aunin da za a raba su da shi.

Nahawun farko da malaman ƙasar Hausa suka sani na Larabci ne, kuma shi bai ɗauki wannan tambaya da zafi ba. Tun daga Sibawaihi, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 8, an kasa kalmomin Larabci gida uku: suna, aikatau da harafi. Haka Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum, wanda ya rasu a 1323, ta kawo rabon, haka ma Alfiyya ta Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, kuma su ne littattafan da almajiri ke haddacewa a zaure daga Agadas zuwa Zariya. A wannan tsari sifa ba ta da gida nata. Suna ce da aka ɗora wa aikin siffantawa, tana bin abin da ta siffanta a jinsi da adadi da i'irabi. Ita kanta kalmar “sifa” da ake koyarwa yau a ajin nahawun Hausa daga can aka aro ta. Malamin zaure da zai ji an ce “banza” suna ce a nan, sifa ce a can, ba zai ga abin mamaki ba, domin a iliminsa kowace sifa suna ce tun asali.

Larabci kansa yana da kalmomin wofi masu tagwayen ƙira, sifa daban, suna daban, amma abin da Hausa ta aro daga cikinsu ya zo a matsayin suna kawai. “Halwa”, keɓewar mai ibada, ta fito daga saiwar da ke nufin wuri ya zama babu kowa. “Sifiri” ta yi tafiya mai tsawo kafin ta iso. A Larabci “sifr” sifa ce da ke nufin abin da ba kome a cikinsa, har ana faɗinta ga mutumin da ya dawo hannu wofi. Da masana lissafi na Bagadaza, irin su Alkhawarizmi a wajejen 825, suka karɓi lambobin Indiya, sai suka fassara kalmar Sanskirit “shunya”, ita ma sifa mai wannan ma'ana, da “sifr”, ta koma sunan lamba. Fibonacci ya yi amfani da ita a littafinsa na Latin na 1202, kuma ta hanyar Latin ne Faransanci ya sami “zéro” da “chiffre” duka biyu. Hausa ta karɓe ta bayan ta riga ta zama suna, shi ya sa ba a cewa “tulu sifiri”. Kusancin lafazi tsakanin “sifa” da “sifiri” haɗuwa ce kawai, saiwoyinsu a Larabci daban ne.

Turawa ne suka zo da tambayar, domin nahawun makarantunsu na ƙarni na 19 ya riga ya ware wa sifa babi nata. James Frederick Schön, ɗan mishan Bajamushe da ya bi ayarin binciken kogin Kwara a 1841, ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa ya same ta ne daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Wannan ya sa Hausar da ta fara shiga littattafan Turai da yawa ta gefen Nijar ta yau ce. Schön da waɗanda suka biyo shi, irin su Charles Robinson a Ingila, da Adam Mischlich da ƙamusunsa na Jamusanci na 1906, da Maurice Delafosse a 1901, da Landeroin da Tilho a 1909, duk sun tarar da abu guda: sun buɗe babin sifa, sai kalmomin da za su zuba a ciki suka yi kaɗan. Inda harsunansu ke da sifa, Hausa na kawo suna tare da “mai” ko “da”: rijiya mai zurfi, kaya yana da nauyi, yaro marar kunya. Masu ƙamus kuma suna fassara kalma da abin da ya dace da ita a harshensu, kuma da zarar an fassara “wofi” da sifar Turanci ko ta Faransanci, mai karatu zai ɗauka ita ma sifa ce. An yi shekaru ana auna ajin kalmar Hausa da ajin fassararta.

Barth ya bar wata shaida da ta fi fassarar ƙamus amfani. A littafin tafiye-tafiyensa da ya fara fitowa a 1857, bayan ya ratsa Agadas da Katsina da Kano da Damagaram, ya rubuta cewa ban da Hausa bakwai akwai wasu ƙasashe da ake kira banza bakwai, ya kuma fahimci sunan a matsayin na ba'a. Ya lissafa Zamfara, Kabi, Nupe, Gwari, Yawuri, Yarbawa da Kwararrafa. Kafin shi Muhammadu Bello ya kawo bakwai biyu a Infakul Maisuri, a 1812, sai dai a jerinsa na biyu akwai Bargu da Gurma. Saɓanin jerin ya isa ya nuna cewa lamba bakwai aka fara riƙewa, sannan aka nemi ƙasashen da za su cika ta, kuma sanya Zamfara da Kabi, masu magana da Hausa, a cikin “banza” magana ce ta siyasa da gasar sarauta. Ta fuskar nahawu, abin lura shi ne ginin: “banza bakwai” an ƙera ta daidai da “Hausa bakwai”, suna sannan adadi, kamar “doki bakwai”. Ashe tun tsakiyar ƙarni na 19, a mafi shaharar wurin da aka rubuta ta, “banza” suna ce da ake ƙirgawa. Karin magana ma haka ta riƙe ta. “Banza ba ta kai zomo kasuwa.” “Banza ta kori wofi.” A duka biyun banza ce ke aikata aikin, da jinsinta na mace, a na biyun kuma wofi ne aka aikata wa. Ba a ba kalma irin wannan matsayi a jimla sai in suna ce.

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin dubu 39, da na R. C. Abraham na 1949, sun tara misalai masu yawa da karin sauti da tsawon wasali, sun ba manazarta kayan aiki. Wanda ya yi amfani da kayan ya fito da tsari shi ne F. W. Parsons na makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Landan. A wata maƙala ta 1955 ya nuna cewa akwai rukunin ɓoyayyun sunaye na abin da gaɓoɓin jiki ke ji, masu ƙira iri ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, da dogon wasalin “i” a ƙarshe. Su ne irin faɗi, zurfi, kauri, ƙarfi, zafi, kaifi, taushi, nauyi. Daga kowannensu ana ƙera sifa ta hanyar ninki: faffaɗa daga faɗi, zuzzurfa daga zurfi, kakkaura daga kauri, ƙaƙƙarfa daga ƙarfi, zazzafa daga zafi, da jam'insu faɗaɗa, zurfafa, kaurara, ƙarfafa, zafafa. Ana kuma ƙera aikatau: a faɗaɗa hanya, a zurfafa rijiya, a ƙarfafa gwiwa. Nan ne Hausa ke da tagwayen suna da sifa na gaskiya, kuma suna ne uwa, sifa ƴa, akasin Faransanci inda “profondeur” ke fitowa daga “profond”.

A ido, “wofi” ta yi kama da ƴan wannan gida: gaɓa biyu, “i” a ƙarshe, ma'ana kuma ta yanayin abu. Sai dai duk gwajin da aka yi mata ba ta amsawa. Ana cewa rijiya tana da zurfi, ba a cewa tulu yana da wofi. Ana cewa rijiya mai zurfi, kunne kuwa ba ya karɓar “tulu mai wofi”. Babu sifar ninki da ta fito daga gare ta yadda zuzzurfa ta fito daga zurfi. Aikatau ɗinta ma ta wata hanya ya bi: “wofinta”, “wofintar da”, wasu su ce “wofantar”, da ɗafa-ƙeyar da ke cikin “tsananta” da “gajarta”. Ma'anarsa kuma ta kauce. Wanda ya wofintar da dukiya bai juye ta daga mazubi ba, ya yi sakaci da ita ne, kuma “wofintacce” abin da aka yi watsi da shi ne. Don haka ɗalibin da ya ga “cikakke” ya ƙera “wofintacce” a matsayin kishiyarta ya bi ƙa'idar ƙira daidai, amma ya faɗi wata magana daban. Dalilin wannan rashin daidaito a bayyane yake: “da” da “mai” na mallaka ne, Hausa kuwa ba ta ɗauki rashin abu a matsayin wani abin da mazubi zai mallaka ba. Zurfi abu ne da rijiya ke da shi, wofi kuwa ba ya cikin abin da tulu ke da shi.

Parsons bai yarda Hausa na da ajin sifa mai zaman kansa ba. Ya kira irin su “fari” da “babba” sunaye masu dogaro, wato masu jingina da wani suna, kuma da wannan ya koma kusa da matsayin malaman zaure ta wata hanya. Yana da hujja: “fari” na ɗaukar jinsi da jam'i kamar suna, na ɗaukar mahaɗin “-n” da “-r” kamar suna, kuma “farin doki” a ƙira ba ta da bambanci da “bakin doki”. M. K. M. Galadanci, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Landan a kan yankin suna a 1969, ya kuma buga littafin nahawunsa a 1976, ya taso a wannan makaranta. A 1977 R. M. W. Dixon ya sa Hausa cikin misalan harsunan duniya masu ƙaramin rukunin sifa, ya ƙirga mata kimanin 12: babba, ƙarami, ƙanƙane, dogo, gajere, ɗanye, sabo, tsoho, baƙi, fari, ja, mugu. Girma, shekaru, launi da hali ke nan. Babu cika a jerin, babu wofi. Lissafin ya yi ƙunci, domin ya bar irin su shuɗi, kore, gurgu da huntu, ya kuma bar duk sifofin da ake ƙerawa, amma ya yaɗu a littattafan ilimin harsuna har ya zama abin da baƙo ya fara sani game da Hausa.

Paul Newman a babban nahawunsa na 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, sun mayar wa sifa da babinta, bisa hujjar ginin jimla. Ma'aunin mai sauƙi ne. Sifa na iya zuwa gaban suna da mahaɗi, ko bayansa ba mahaɗi, ma'ana ba ta sauya ba: farin doki, doki fari, sabuwar riga, riga sabuwa. Suna ba ya yin haka: “bakin doki” ba ta juyewa ta zama “doki baki”. Sifa kuma tana bin jinsi da adadin abin da ta siffanta, alhali suna na riƙe da nasa.

In aka ɗora “banza” a kan wannan ma'auni sai a ga fuska biyu. A “mutumin banza”, “maganar banza”, “mutanen banza”, mahaɗin yana jikin kalmar farko, banza kuwa ba ta motsa ba, ko namiji ko mace ko jam'i. Wannan ginin suna da suna ne, irin na “mutumin kirki” da “zoben azurfa”. Sifa ta gaskiya ba ta shiga wannan gurbi: ba wanda zai ce “dokin fari” yana nufin doki fari. Amma a “banzan mutum”, “banzar magana”, “banzayen mutane”, banza ce ta zo gaba, ta ɗauki mahaɗi, ta bi jinsi da adadi. “Banzan” da “-n” ita ce shaida mafi ƙarfi, domin banza a karan kanta mace ce, kamar yadda karin maganar zomo ta nuna, kuma ba abin da zai sa ta ɗauki mahaɗin namiji sai bin “mutum”. Nan ta zama sifa. Akwai ɗan bambancin nauyi tsakanin ginin biyu. “Mutumin banza” hukunci ne kan hali, an sa shi cikin wani rukuni na mutane. “Banzan mutum” ya fi kusa da zagi a fuska, ya fi zafi a kunne. Sannan ga fuska ta uku, ta bayanau: ya sha wahala a banza, ya same shi a banza. Ta biyun nan ta buɗe wata ma'ana da wofi ba ta cika zuwa ba, ta abin da aka samu ba da biya ba, inda ake cewa banza ta faɗi.

“Wofi” ta fi zama a gefen suna: zancen wofi, aikin wofi, ɗan wofi. Inda ta fi kusa da sifa shi ne bayan suna ba mahaɗi, kamar “hannu wofi”, kuma a nan ne kawai ma'anarta ta asali, ta rashin abu a ciki, ta tsira sosai. A sauran wurare ta gangara zuwa rashin amfani, har ta zama abokiyar tafiyar banza, ana jera su don ƙarfafawa: a banza a wofi. Wannan gangara ba ta Hausa kaɗai ba ce. Latin “vanus”, mai nufin abin da ba kome cikinsa, ita ta haifi “vain” da “vanité” na Faransanci.

Sauran kalmomin ba su da wannan rikici, sai dai fassara ta jawo musu shi. “Fanko” sunan mazubi ne da abin cikinsa ya ƙare, kamar fankon ashana, kuma in an ce wa mutum fanko an kamanta kansa da wannan mazubi ne. “Kango” gini ne da ba mai zama, jam'insa kangaye. “Kufai” wurin da gari ya tashi ya bari. “Holoƙo” hadarin kaka ne, mai iska da duhu ba ruwa. Kowannensu ya haɗa abu da yanayinsa a kalma guda, shi ya sa ba su musanyuwa: ba a kiran tulu kango, ba a kiran gida kufai in garin na nan. Hausa ta raba wofi bisa abin da ya wofinta, mazubi ko gini ko gari ko sama. “Wayam” da “fayau” kuwa amsa-kama ne. Ba su da jinsi, ba su da jam'i, ba su ɗaukar mahaɗi: kasuwa ta yi wayam, ya buɗe tukunya ya gan ta fayau. Suna ba da abin da ido ya tarar a lokacin da ya duba, galibi inda aka sa ran samun wani abu. A karin harshen yamma da arewa, kamar na Tawa da Dogon Dutsi, lafazi na sauyawa, a ji “wohi” da “hwanko”, amma rabon aikin kalmomin bai sauya ba.

Wannan tarihi yana da nauyi na musamman ga ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Cadi. A Faransanci “vide” kalma ɗaya ce mai aiki biyu, sifa a “un sac vide”, suna a “le vide”, ga kuma aikatau “vider”. Wanda ya saba da wannan sauƙi yakan nemi kalmar Hausa guda da za ta yi duka, ya kama “wofi” ya sa ta ko'ina, sai a sami jimlolin da ƙamus ya yarda da su amma kunne ya ƙi. “Vider” kaɗai tana rabuwa gida da yawa: a juye tulu, a zazzage buhu, a kwashe kaya, a yashe rijiya, a watse daga fili. Ba ɗaya cikinsu da ya fito daga saiwar wofi. Kowanne yana faɗin yadda aka fitar da abin ne.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, masu rubuta littattafan firamare ke fuskantar wannan a aikace, kuma tarurrukan Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa ne, ba su taɓa irin wannan tambaya ba. Dokar ƙasa da aka zartar a Nijar a watan Maris na 2025, wadda ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, za ta ƙara yawan abin da ake fassarawa, daga takardun hukuma zuwa darussan kimiyya. Malamin lissafi na bukatar suna ga tarin da ba kome a cikinsa, malamin kimiyya na bukatar suna ga sararin da babu ko iska, mai tsara takardar cikewa na bukatar kalma ga gurbin da ba a rubuta kome ba. A na ukun Hausa ta riga ta tanadi “gurbi” da “fili”. A na farko, “tari marar kome” ya bi ƙa'idar harshen, “tarin wofi” kuwa zai sa yaro ya ji kamar an ce tarin ba shi da amfani, saboda ginin suna da suna ne ya fi ɗaukar ma'anar raini. A na biyu ne “wofi” za ta iya tsayawa ita kaɗai a matsayin suna, kamar yadda ta tsaya a karin maganar da banza ta kore ta, in dai littafin ya bayyana tun a shafin farko cewa rashin iska ake nufi.